Ɗorawar Inna da Jirgin Feshi

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na manta da su don in samu in yi barci. Amma shekarar da muka yi filin jirgi a ƙauyenmu, wannan kam ko tsufa ya kwashe mini komai, ita ba zai iya ɗaga ta ba.

Na san za ka yi dariya. Filin jirgi a wani ƙauye can gefen Fakuwa, inda motar haya ma sai ranar kasuwa take leƙowa? To yi dariyarka. Mun yi fili, jirgi ya sauka a kai, kuma hannun nan nawa yana cikin aikin. Ni ba mai dogon karatu ba ne, a aji biyu na sakandare na tsaya. Na yi karen mota, na yi acaɓa a kudu na dawo da tari, yanzu faci nake yi a bakin titi a Kankiya ina kallon 'ya'yan wasu suna wucewa a motocin da ba su san wahalarsu ba. Ban iya tsara magana ba, yadda abin ya faru haka zan faɗa.

A shekarar damina ta yi kyau, irin kyan da ke sa talaka ya fara tsoro. Gero ya yi tsayi, ya fid da kai, ya zubar da bununi, ya fara ɗaukar ido. Sai jan-baki ya zo. Wanda bai taɓa gani ba zai raina shi, don ɗan tsuntsu ne da za ka rufe a tafin hannu. Amma in suka taso gaba ɗaya sai ka ce hayaƙin gobara, in suka sauka a gona kuwa, kafin ka ruga daga wannan gefe zuwa wancan sun bar maka zangarniya tsirara. A ƙayoyin wata fadama suke kwana, tsakaninmu da ƙasar Kusada, da safe su rabu kamar ma'aikata kowa ya kama gonarsa.

Tun asuba gari yake watsewa. Maza da mata kowa yana gona, wannan da gwangwani, wannan da majajjawa, wani ya ɗaura tsummoki a igiya yana ja. Ihu muka yi ta yi har muryoyi suka dushe. Ladaninmu sai da ya koma kiran salla kamar mai raɗa, in ba ka kusa da masallaci sai dai ka duba rana. Duk da haka tsuntsun nan ci yake yi. Kowa ya san in aka ƙara 'yan kwanaki a haka, bana babu abin da zai shiga rumbu.

Ana cikin haka malamin gona ya zo a kan babur, ya tara mu a ƙofar gidan mai unguwa. Ya ce akwai ƙaramin jirgin feshi a Katsina da ke bin wuraren da jan-baki ya addaba. Amma sai da yamma, lokacin da tsuntsun ya koma makwancinsa, ake iya samunsa a tare, lokacin kuma gajere ne. Don haka jirgin yana bukatar wuri kusa da fadamar, inda zai riƙa sauka a ƙara masa magani ya sake tashi. Ya ja mu zuwa wani fako da ke bayan gari, ya kafa turke a farkonsa, ya miƙa hannu ya ce, "Daga nan har can. Dogo, miƙaƙƙe, kada a bar komai a ciki." Kafin ya taka zuwa can ɗin da ya nuna, aka kira shi a waya daga ƙauyen Boko da ke maƙwabtaka da mu, su ma tsuntsu ya hana su sakat. Ya hau babur ya tafi.

Mai unguwa ya sa aka yi shelar gayya. Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake gani, don mutanen yanzu ko gawa ce sai ka roƙe su kafin su ɗauka. Mata suka riƙe tsaron gonaki, maza suka fito da fartanya da gatari da diga. Mutanen Boko suka zo. Fulanin rugar da ke kusa da mu, waɗanda kullum muna cikin ƙorafi da su kan ɓarna, suka kawo bijimai aka ɗaura musu gungume suna jansa yana baje ƙasa. Muka cire sabara, muka cire geza da tumfafiya, muka rushe suri, muka cike ramukan gafiya, muka tsince duwatsu. A ƙarshe har da tsintsiya aka bi shi. Wallahi da za a zuba maka tuwo a filin nan, ci za ka yi.

Abu ɗaya ne bai motsa ba. Can kusa da ƙarshen filin, a gefe, akwai wata babbar ɗorawa da rassanta suka rufe kusan rabin faɗinsa. Ba wai an yi shawara aka bar ta ba ne. Babu wanda ma ya kawo maganar. Mu a wajenmu in aka ce a share gona, daji ake cirewa, ɗorawa kuwa ba daji ba ce. Dukiya ce mai mai ita, ana gadonta kamar yadda ake gadon ɗaki. Za ka sayi gona da kuɗinka, ɗorawar da ke tsakiyarta ta wani ce, kuma in ta nuna shi zai zo ya girbe abinsa kana kallo. Muka share ƙarƙashinta tsaf, muka zagaye ta muka wuce. Mai unguwa har daɗi ya ji, ya ce Allah ya haɗa mu da wuri mai kyau, jirgin ma zai samu inuwa.

Ɗorawar ta mahaifiyata ce. Inna ta gaje ta daga mahaifinta, kuma tun da babanmu ya rasu da ita take riƙe kanta. Ta sayar da garin ɗorawar, ta sayar da makuba ga masu daɓe, kalwar kuma ta yi daddawa. Daddawar Inna in ta buɗe ƙwarya a kasuwa, ba sai ta yi talla ba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baki kamar reza, ba ta raga wa kowa. Ni kaɗai ne ba ta yi wa faɗa kai tsaye, don ni ne ɗan farinta. Kunyar ɗan fari ta sa tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta ma kallon fuskata sosai. In tana da magana da ni, sai ta dubi matata ta ce, "Ke, gaya wa wannan." Ina zaune a gabanta, da gemuna da 'ya'yana.

Ranar da jirgi zai zo muka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin ɗorawar, aka jera kujeru, aka dama fura aka rufe da faifai. Mai unguwa ya sa babbar rigar da sai salla take ganin rana. Da la'asar muka ji ƙara, sai ga shi, ɗan ƙarami, rawaya, kamar fara ta ƙoshi. Ya yi ƙasa ƙasa har muna ganin kan mutumin da ke ciki, ya zo daidai ɗorawar, ya ɗaga ya yi sama. Ya zagayo ya sake yin haka. Muna ta ɗaga masa hannu. Wani dattijo ya ce ai gaisuwa ce ya fara yi, yaron yana da tarbiyya. Sai jirgin ya miƙe ya nufi Katsina, ya bar mu da hannuwa a sama.

Malamin gona bai iso ba sai a lokacin. Yana kashe babur wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya juya ya dubi ɗorawar, ya cire hularsa ya zauna a ƙasa, ga kujeru nan a jere.

"Mai unguwa, wannan itacen me yake yi a nan?"

"Ɗorawa ce, Malam."

"Na ga ɗorawa ce. Ba na ce kada a bar komai ba?"

Mai unguwa ya waiwaya ya dubi filin daga farko har ƙarshe, shi da gaske yana neman abin da aka bari. "Ai ba mu bar komai ba. Duba mana, ko tsinke babu. Ita wannan mun ga baƙo zai zo cikin rana, ina zai ajiye abin hawansa?"

Malamin ya rufe fuska da hula na ɗan lokaci. Ban sani ba ko dariya yake yi ko kuka. Da ya buɗe ya ce fukafukan jirgin suna da faɗi, in ya sauka haka, reshe zai kama ɗaya, shi ke nan an rasa jirgi an rasa mutum. Matuƙin ya ce zai sake zuwa gobe da la'asar. In ya tarar da itacen, zai wuce wasu garuruwa da ke jiransa, kuma kafin layi ya sake zagayowa kanmu, sai dai ya zo ya fesa wa kara.

Sai na ga idanu suna juyowa kaina ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa ya gyara murya ya ce, "To, kai ne ɗanta."

Na ce ba ni zuwa wajenta da wannan magana. Na ce hukumar da ba ta taɓa haƙa mana ko rijiya ba, yau ta tuna da mu, kuma abin da ta fara nema shi ne abincin tsohuwa. Malamin gona ya ce zai sa a kawo mata dashe, ba ɗaya ba ma. Na ce, "Malam, ka dubi shekarunta ka dubi dashe. Wa zai jira wani?" Nawa geron yana cikin wanda ake ci, na sani. Amma a ranar na gwammace in yi bara da in ga an kwantar da itacen nan, kuma har yau ban ga laifin maganata ba.

Na koma gida kafin magariba na sami Inna a tsakar gida tana cura daddawa, matata tana taya ta. Ba sai na ba da labari ba, mata sun riga ni. Na tsuguna na dubi bango na ce, "Inna, kada ki yarda. Babu wanda zai iya tilasta miki. Ina nan tsaye."

Ba ta ɗago ba. Ta ce wa matata, "Ke, tambayi wannan, in gero ya ƙare da mi zai ciyar da ɗiyansa? Da makuba?"

Na ce Allah zai kawo.

"Gaya mai ya tashi, yana tare mini haske."

Washegari da sassafe ta yafa mayafi ta fita. Na bi ta daga nesa. Ba wajen ɗorawar ta nufa ba, gonaki ta shiga. Tana tafe tana kama zangarniya tana murzawa a hannu, ta hura, ta duba abin da ya rage. Ta tsaya a gonar wata tsohuwa sa'arta, wadda ita ma daddawa take sayarwa, kuma shekara da shekaru suna faɗa a kasuwa kan masu saye. Matar tana tsaye kan tudu tana buga gwangwani, tana buɗe baki tana ihu amma babu abin da ke fita, jikoki marayu take riƙo kuma gonar nan kaɗai gare su. Inna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, "Ke ma bakinki ya mutu? Lallai abin ya kai." Matar ta yi mata daƙuwa da hannu ɗaya, ɗayan bai daina bugun gwangwani ba. Inna ta juya ta kama hanyar fako.

Ta tarar da maza sun taru, an ma ɗauko wani mai injin yankan itace daga Kankiya, yana zaune yana jiran a ce masa bismilla. Kowa ya sunkuyar da kai. Mai unguwa ya fara doguwar gaisuwa, ta katse shi.

"Wanga injin ba zai taɓa ta ba. Ba itacen gwamnati ba ce. Ku ba ni gatari."

Aka miƙa mata. Gatarin ya kusa rinjayarta. Ta je ta dafa jikin ɗorawar da tafin hannu, kamar yadda ake dafa saniyar da za a rabu da ita, ta yi magana ƙasa ƙasa. Ni da nake kusa abin da na ji kawai shi ne, "Kin yi naki." Sai ta ɗaga gatarin ta sara. Saran tsohuwa ne, ɓawo kaɗan ya tashi. Ta tsaya tana haki. Sannan ta juyo ta dube ni, ni ɗin nan, cikin ido, a gaban mutane, ta miƙo mini ƙotar.

"Karɓi. Kai ne babba."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Shekaruna sun haura talatin a lokacin, kuma ban tuna ranar da ta yi mini magana baki da baki kafin wannan ba. Na karɓa na shiga sara. Ruwa yana zuba a fuskata, wani ya ce mini in huta, na ce zufa ce, ya kula da abin da ke gabansa. Da hannuna ya gaji ƙanena ya karɓa, daga nan maza suka shiga bi da bi. Inna ba ta tafi ba. Ta zauna kan tabarmar da aka shimfiɗa wa baƙo, tana gyara wa masu sara kuskure, wai wannan sara ne ko susa. Da ɗorawar ta tafi ƙasa, ƙarar ta sa har jan-bakin da ke gonakin kusa ya tashi. Inna kuwa sai ta ja mayafi ta rufe fuska, babu wanda ya kalle ta, kowa ya sami abin yi. Bijiman Fulani suka janye rassan, aka sake share wurin.

Da la'asar jirgin ya dawo. Ya zagaya sau ɗaya ya sauko, ya taɓa ƙasa ya yi ɗan tsalle, ya gangara har ya tsaya daidai inda inuwa take a da. Matuƙin ya fito, wani siririn saurayi, Hausarsa guntu guntu. Ana cikin gaisawa da manya sai ga Inna ta ratsa taron ta tsaya a gabansa.

"Kai ne direban?"

Malamin gona ya yi masa bayanin ko ita wace ce. Yaron nan, Allah ya yi masa albarka ko'ina yake, sai ya cire abin da ke kunnensa ya durƙusa har ƙasa. Na ga fuskar Inna ta ɗan saki, amma bakin bai saki ba.

"Direban mota titi ɗaya gare shi, yana kauce wa itace. Kai an ba ka sama duka, ka rasa ta inda za ka bi sai ta kan ɗorawata?"

Aka fassara masa. Ya ce, "Mama, yi haƙuri."

"Haƙuri ai na yi shi tun da safe. Matsa in ga abin da ya ci mini ita."

Aka ɗauko turmi aka kifa, mata biyu suka riƙe ta ta hau, ta leƙa ciki. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Kujera ɗaya? Ko matarka ba ka ɗauka? Keke mai ƙafa uku ma ya fi wannan mutunci." Taron ya fashe da dariya, da muryoyin nan namu da suka dushe, kamar garken awaki masu mura. Da ta sauko ta kwance bakin zanenta ta fito da curin daddawa a ganye ta danƙa masa, ta ce ya kai wa uwarsa, ya gaya mata daga wannan babu wata. Yaron ya karɓa da hannu biyu ya ajiye a cikin jirgin. Daga baya malamin gona ya ce mana ƙamshin ya daɗe bai bar jirgin ba.

Da rana ta yi ja ya tashi ya nufi fadamar. Ya dawo aka ƙara masa magani, ya sake komawa. Haka ya yi 'yan kwanaki. An hana kowa cin tsuntsun da ya faɗi, kuma ba zan rantse cewa kowa ya ji ba. Amma safiyar da muka fita gona muka ji shiru, babu gwangwani, babu ihu, sai iska a cikin gero, na ga manyan mutane suna tsaye ba su san abin da za su yi da hannuwansu ba. An yi asara, amma abin da ya rage ya kai mu wata damina.

Dashen da aka yi alkawari, har yau yana hanya. Jirgi ya sake zuwa wata shekara, daga nan ba mu ƙara ganinsa ba. Filin yana nan, mata suna shanya a kai, samari suna koyon babur, kuma har yanzu in ka tambayi kwatance za a ce maka ka bi ta Filin Jirgi.

Abin da ban zata ba shi ne na lokacin kaka. Wata safiya muka ji sallama, sai ga mutum da damin gero a ka, ya jingina a bangon ɗakin Inna ya juya. Kafin ya fita wani ya shigo. Babu wanda ya yi shela, mai unguwa da kansa ya rantse bai ce a yi ba. Daga cikin gari, daga Boko, har Fulani da ba su noma da yawa suka aiko da nasu da ƙwaryar man shanu. Tsohuwar nan abokiyar faɗanta da kanta ta ɗauko nata, ƙarami, ta dire ta ce, "Ga shi, kada ki mutu ki ce da yunwata." Inna ta tsaya a tsakiyar dammunan tana faɗa, wai ita mi za ta yi da gero haka, da shi za ta kaɗa miya? Ba wannan shekarar kaɗai ba. Duk kaka sai sun kawo, har shekarar da ta rasu.

Kada ka ɗauka ta daina ƙorafi. Kalwa ta koma saye a kasuwar Kusada, kuma duk wadda ta sayo sai ta shinshina ta ce wannan ba kalwa ba ce, tsakuwa ce. In ta bi ta wajen kututturen, kauda kai take yi. Abin ya yi mata ciwo har ƙarshe, ba ta ɓoye ba, kuma ko sau ɗaya ban ji ta ce da ta sani ba.

Abin da na ɗauka a wannan lamari ba shi da yawa. Ni mutum ne da na ƙare rayuwata ina jiran manya su tuna da wanda ya yi musu rana, kuma ba su tuna ba, ba za su tuna ba. Ashe wurin da nake kallo ne ba daidai ba. Waɗanda suka tuna da Inna su ne masu faso a ƙafa, da kansu suka ɗauko godiyarsu suka kawo. Har gobe in muna zaune a bakin titi wani ya ce mutane ba su da alheri, ina yarda da shi, don ni ma abin da nake cewa ke nan kullum. Sai dai ni ba na faɗa da ƙarfi.